Bayani a kan labarin Sarki da Ƙaura: wace ƙasa mai littafi yake nufi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, mai bayar da mulki ga wanda ya so, mai karɓe shi daga wanda ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani ya kai mai karatu, waɗannan warƙoƙi na ajami da muka juyar sun ƙunshi labarin wata ƙasa wadda mai littafi bai ambaci sunanta ba, bai kuma ambaci sunan ko sarki ɗaya ba. Saboda haka almajirai a nan Alasan Mairairai, da wasu a Mayahi da Tasawa, suka ɗauke shi tatsuniya. Ni kuwa ina cewa riga ce kawai ta tatsuniya, wanda ke cikin rigar tarihin Katsinawan Maraɗi da Tasawa ne. Ga hujjojina bi da bi, yadda labarin ya jeru.

Farkon labari, an kori wani sarki daga birnin kakanninsa, baƙin ciki ya ci shi har ya faɗa rijiya, mutanensa suka naɗa wani a bakin rijiyar tun ba su share hawaye ba. Wannan ba boyayye ba ne ga wanda ya san tarihin Katsina. A shekarar 1807 jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da Malam Ummarun Dallaje cikin jagororinsu, suka ci birnin Katsina. Sarkin Katsina Magajin Halidu ya fita arewa, aka ci shi da yaƙi a Ɗankama, kuma abin da aka ruwaito shi ne ya faɗa rijiya a can. Sai aka naɗa Ɗan Kasawa, ɗan Sarki Agwaragi. Ya yi gabas zuwa ƙasar Damagaram, ya zauna shekaru, har wajen 1819 mutanen Maraɗi suka tayar wa wakilin da aka ɗora musu, suka kira Ɗan Kasawa ya zo ya zauna cikinsu. Tun daga nan sarautar take da suna Sarkin Katsina, ko da yake mazauninta Maraɗi ne.

Ka lura da abu ɗaya a nan, domin shi ne tushen duk abin da ya biyo baya. Sarkin da ya zo Maraɗi baƙo ne da aka kira, bai ci garin da takobi ba. Ya zo da 'yan'uwa da 'ya'yan sarakunan da suka gabata, kowane da gidansa, kowane yana ganin gadon na ubansa ne. Ƙasa ƙarama, 'yan sarki da yawa. Kuma al'adarmu ba ta ce lalle babban ɗa ne zai gaji ubansa ba. Duk wanda ya fito daga gidan sarauta yana iya nema, masu zaɓe su duba su ɗauka.

A tsakiyar labari mai littafi ya kawo dattawa huɗu waɗanda ba a naɗa sarki sai da yardarsu, ya siffanta su da turakun da ke riƙe da rumfa. Su ne rukunin Maraɗi: Galadima, da Ƙaura, da 'Yanɗaka, da Durɓi. Daga Katsina aka zo da waɗannan sarautu. Ƙaura shi ne shugaban mayaƙa, dawaki da masu su a hannunsa suke. Hikimar magabata ita ce, huɗun nan su riƙe sarki, su kuma riƙe juna. Muddin ƙarfinsu daidai yake, ƙasa ta zauna. Ranar da turke ɗaya ya fi sauran tsawo, rumfa ta karkace.

Abin da ya rufe wannan rauni da farko shi ne yaƙi. Sarki Rauda, wanda ya gaji Ɗan Kasawa, ya haɗa kai da Sarkin Gobir Ali, suka gamu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Gawakuke a 1836, duka biyu suka kwanta a fagen fama. Bayan wannan ne Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Ɗan Mari ya hau, shi ma ya ci gaba da neman komawa birnin Katsina. A irin wannan zamani sarauta ba abin kwaɗayi ba ce ƙwarai, don wanda ya hau ya san kansa ya sa a gaba.

Sa'an nan mai littafi ya tsaya ya daɗe a kan wani sarki da ya yi shekaru kamar ashirin, ya kewaye gari da ganuwa, 'yan'uwansa suka yi shiru duk zamaninsa. Wannan Ɗan Baskore ne, ɗan Rauda, wanda ya yi mulki daga wajen 1854 zuwa 1875. A zamaninsa Maraɗi ta kai ƙarshen ƙarfinta, mahayanta suna kai hari har cikin ƙasashen Katsina da Kano. Amma mai littafi ya nuna cewa daɗewar nan tana da kuɗinta: 'yan sarki suka tsufa suna jira, 'ya'yansu suka girma su ma suna jira. Da ya rasu sai layi biyu suka tsaya a ƙofar fada lokaci ɗaya. Barmu ya hau, Mazawaje ya biyo, wasu suka biyo su, kowane shekaru kaɗan, wani a tuɓe shi, wani a kore shi. Duk mai neman gado kuwa ya gane cewa yardar dattawa huɗu ba ta kai dawakin mutum ɗaya amfani ba.

A nan akwai wata kalma da ya kamata mai karatun ajami ya tsaya a kanta. Mai littafi ya rubuta ƙaf da wau da ra, ƙaf ɗin da ɗigo ɗaya a sama irin rubutunmu na Warshu. Haruffan nan ana karanta su Ƙaura, wato sarautar, ana kuma karanta su ƙaura, wato tashi daga gari. Takarda ba ta rarrabe su, sai harshen mai karatu. Ya maimaita kalmar a wuraren da duk karatun biyu suke tafiya daidai, abin da ke nuna da gangan ya yi. Ma'anarsa: Ƙaura ne ya jawo ƙaura.

Wanda ake nufi shi ne Ƙaura Hasau. A ƙarshen ƙarni na 19 ƙarfinsa ya kai inda shi ke ɗora sarki, shi ke sauke shi. Sarki Mijinyawa ya kasa zama da shi, ya bar Maraɗi ya komo nan gabas, ya zauna Tasawa. Da haka gidan Katsina ɗaya ya rabu biyu, reshe a Maraɗi, reshe a Tasawa. Wannan shi ne sarkin da labari ya ce ya fita da tambarinsa ya bar gadonsa.

Ƙarshen labari gajere ne, baƙi sun zo daga yamma sun tarar da rumfa a ƙasa. A 1899 rundunar Faransa ta Bule da Shanuwan ta ratsa ƙasashen nan tana ƙone garuruwa, har sojojinsu suka kashe su biyun a wajen Maijirgi, cikin ƙasar Tasawa, a watan Yuli na shekarar. A 1903 Ingila ta karɓi birnin Katsina. Turawan biyu suka ja iyaka tsakaninsu, Maraɗi da Tasawa suka faɗa hannun Faransa. Abin da aka yi kusan shekara 100 ana zubar da jini a kansa, wato komawa birnin Katsina, sai alƙalami ya rufe shi. A can Katsina ma, a 1906 Turawa suka sauke gidan Dallazawa suka ɗora Durɓi Muhammadu Dikko. Zaɓen sarki ya fita daga hannun rukuni ko'ina.

To don me mai littafi ya ɓoye sunaye? Don jikokin waɗanda ya yi magana a kansu suna raye, suna da fada, suna da dogarai, malami kuwa allo da tawada kawai yake da su. Kuma da ya ambaci suna, da kowane gida ya tsaya kare kakansa, ba wanda zai ji darasin.

Saboda wannan ina jan kunnen mutum biyu. Na farko almajirin da zai ajiye warƙoƙin nan ya ce zancen gizo da ƙoƙi ne. Ka karanta su tare da shekarun da na jera maka, za ka ga inda kakanninka suka tsaya. Na biyu shi ne wanda zai ɗauke su ya kai gaban hukuma ranar da sarautar gari ko ta kanto ta faɗi, ya ce ga shaidar gidansu ne ke da gado. Littafin bai ba kowane gida gaskiya ba, kuma wanda ya cusa masa sunan da mai shi bai rubuta ba ya ci amanar mamaci. A duk labarin, waɗanda mai littafi ya fi tausaya wa su ne manoman da aka cinye rumbunansu kowace shekara don ciyar da dawakin masu neman gado. Su ba a tambaye su wa suke so ba, amma geronsu ne ya biya kowane naɗi da kowace tuɓewa.

Allah ya gafarta wa mai littafi da wanda ya kwafe shi, ya jiƙan sarakunan da suka wuce da talakawansu, ya ba shugabanninmu adalci, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin. Tammat bi hamdillahi.