Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tarihin Babur a Kontagora da Gyaran da Na Yi Wa Na Baba

Yau ina so mu waiwayi tarihin wani abu da muke gani kullum amma ba mu cika tambayar daga ina ya zo ba, wato babur, ko mashin kamar yadda da yawanmu ke ce masa a nan. Dalilin wannan rubutu shi ne aikin da na yi a hunturun bana, na tayar da tsohuwar Honda CG125 ta Baba wadda ta daɗe a jingine a zaure. Aikin ya sa na yi ta tambayar dattawa, na kuma yi ɗan bincike, sai na ga ashe tarihin wannan ƙarfe ba ya rabuwa da tarihin zamanmu a ƙasar nan.

Kowa ya san Kontagora gari ne na hanya. Tun da Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa garin a 1864, mutane ba su daina shigowa ba. Babbar hanyar da ta taso daga Legas ta bi ta Jebba da Mokwa ta nufi Yawuri da Sakkwato ta nan take ratsawa, ga kuma wadda ta yi Tegina. Kakanninmu da suka zo daga Katsina da Zamfara da Kano da Sakkwato, neman hatsi ne da fatauci ya kawo yawancinsu. Sai dai hatsin ba a bakin kwalta yake ba. Yana can cikin ƙauyukan Kambari da Dukkawa, wajajen Rijau da Ibeto da Salka da Mariga, inda mota ba ta shiga sai ranar kasuwa. Da fari jaki ne ke wannan aiki, daga baya keke ya karɓa. Kakana da keke Raleigh ya yi ta bin ƙauyuka yana sayen gyaɗa da wake, tafiyar da yau ake yi cikin awa ɗaya shi sai ya yini a kanta.

A wancan lokaci babur ba na ɗan kasuwa ba ne, na ma'aikaci ne: malamin gona, malamin asibiti, hedimasta, akawun En'e. Abin da ya buɗe ƙofa shi ne kuɗin Udoji. A 1974 kwamitin da Jerome Udoji ya shugabanta ya ba da shawarar a ƙara wa ma'aikata albashi, gwamnatin Janar Gowon kuma ta biya har da ariyas a farkon 1975. Dattawa sun ce a shekarar nan sai ka ga malamin firamare ya wayi gari da sabuwar Honda ko Suzuki ko Yamaha, 'yan gayu kuma suka rungumi Vespa ta Italiya. Shekara ɗaya bayan nan, a 1976, aka ƙirƙiro Jihar Neja, ma'aikata suka ƙaru, babura ma suka ƙaru. Kasuwar ta yi girman da a 1979 kamfanin Honda ya kafa masana'antar harhaɗa babura a Ota ta Jihar Ogun.

A nan ne labarin CG125 ya shigo, kuma labari ne da ya kamata duk mai babur ya sani. A 1974 injiniyoyin Honda suka zagaya ƙasashen kudu maso gabashin Asiya don su ga yadda talakawa ke amfani da baburansu. Suka tarar ana ɗora wa babur mutum uku ko huɗu da kaya, ba a canza baƙin mai sai ya zama kamar kwalta, ba a zuwa wurin bakanike sai inji ya tsaya cik. Maimakon su tsaya zargin masu hawa, sai suka koma Japan suka ƙera injin da zai jure wannan hali, mai sauƙin kwancewa, mai matatar iska ta soso da za a wanke a mayar. A 1975 suka fito da shi. Ka ga ke nan, mai karatu, tun daga tushe an yi wannan babur ne don mutane irinmu, kuma an yi shi ne don a riƙa gyarawa, ba don a yar ba.

Sai kuma zamani ya juya. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP, aka karya darajar naira. Nairar da a da take kafaɗa da kafaɗa da dala, kafin shekarar ta ƙare sai an ba da kusan huɗu ake samun dala ɗaya. Sabon babur ya gagari ma'aikaci, wasu ma suka sayar da nasu don su ci abinci. A irin wannan yanayi ne Baba, yana saurayi, ya sayi tamu a hannun wani malamin makaranta. A shekarun nan ne kuma haya da babur ta yaɗu, Kano suna cewa acaɓa, Sakkwato da Nijar suna cewa kabu-kabu, kudu suna cewa okada. Babur ya tashi daga abin ado ya koma jari.

Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000 baburan Sin suka cika ƙasa, musamman Jincheng, wadda aka yi bisa tsarin Suzuki AX100 mai shan fetur haɗe da mai. 'Yan kasuwar Nnewi ta Jihar Anambra su ne suka riƙe harkar shigo da su da kayan gyaransu. Bayansu sai Bajaj Boxer ta Indiya ta zo ta ƙwace kasuwa, saboda ba ta shan mai kuma tana ɗaukar buhu biyu ba ta yi gardama ba. Arha ta sa kowa ya samu, wannan alheri ne. Amma ta kawo wata ɗabi'a: idan babur ya fara hayaƙi sai a sayar a sayi sabo. Yaran da suka taso a lokacin, har da ni, mun iya hawa amma ba mu iya kwance fulogi ba, alhali iyayenmu ba sa fita sai da sifana da filaya a ƙarƙashin kujera.

Yanzu wannan arha ta wuce. Rashin tsaro ya sa hukumomi suka riƙa kallon babur da wani ido. Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. A jiharmu, a Nuwamban 2021, gwamnati ta ba da sanarwar hana sayar da wasu nau'o'in babura saboda 'yan bindiga da ke yawo da su a daji. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin fetur, naira ta sake faɗuwa, a 2024 kuɗin sabuwar Boxer ya haura naira miliyan ɗaya. Ɗan kasuwar da jarinsa gaba ɗaya bai kai haka ba, in baburinsa ya mutu to hanyar ƙauye ta yanke masa, masu babban jari su riga shi zuwa wurin manomi. Wannan shi ne ya sa na ce wa Baba ya ba ni izini in taɓa tsohuwar.

A Turai, idan sanyi ya shigo ƙanƙara ta rufe hanya, masu tsofaffin babura kan shige gareji su yi ta gyara don nishaɗi. Namu hunturun dalilinsa daban. Kaka ta wuce, an ɗan samu kuɗin sayen kayan gyara, babu ruwan sama da zai jiƙa inji a buɗe, zafi bai zo ba balle ƙarfe ya ƙona hannu. Abokin gaba ɗaya ne, ƙura. Don haka a cikin ɗaki na yi aikin, na shimfiɗa buhu, duk abin da na kwance sai in sa a kwano in rufe da tsumma.

Na fara da tanki, domin fetur da ya daɗe yakan zama danƙo, ga tsatsa. Na zuba kananzir da ƙananan notuna na yi ta girgizawa har ya fita fes. Daga nan na kwance kafireto na wanke, na hura 'yan ƙananan ramukansa, ban sa waya ba don waya tana faɗaɗa rami babur ya koma shan mai. Na juye tsohon baƙin mai, na wanke 'yar ragar da ke tace shi, na zuba sabo kusan lita ɗaya. Soson iska ya riga ya ruɓe, na sa sabo na ɗan shafa masa mai, domin shi ne ke tsare inji daga ƙurar hunturu, kuma babur da ake hawa ba shi, fistin da ringinsa ba sa daɗewa. Saitin bawul ana yin sa ne inji na sanyi, tazarar milimita 0.08, shi kam na kai wa wani dattijon bakanike a unguwarmu ya yi ina kallo. Na canza fulogi, da sarƙa tare da haƙoranta na gaba da na baya, don sabuwar sarƙa a kan tsohon haƙori asarar kuɗi ce. Sai birki da wayar kuloci da tayoyi biyu.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ban sha wahalar samun kaya ba. Kamfanonin Sin da yawa sun kwaikwayi injin CG, shi ya sa ringi da gaskit da bawul suna nan a shagunan kayan babur na cikin gari. Sai dai akwai mai kyau akwai na bogi, kuma dattijon ya koya mini in riƙa tafiya da tsohon a hannu ina gwadawa. Mako biyar aikin ya ci, da yamma bayan na taso daga shago, kuma duk abin da na kashe bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin sabo ba. Yanzu da ita ƙanena ke kai awo gidajen masu saye, Baba kuma ya ce ƙararta ba ta canza ba.

Jama'a, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na san a gidajenmu da yawa akwai irin wannan babur a jingine, kaji na kwana a kai. Kafin a kira 'yan gwangwan su auna shi a kan sikeli, a bari wani yaro a gidan ya gwada. A haɗa shi da tsohon bakanike tun suna raye, domin waɗanda suka koyi aiki a kan Honda da Suzuki na zamanin Udoji sun fara ƙarewa, kuma iliminsu ba a rubuce yake ba. A tabbatar takardu da lamba sun cika kafin a hau hanya, saboda halin da ake ciki. Wanda kuma yake da labarin babur na farko da ya shigo gidansu, ko ya san wani abu da ban ambata ba game da shigowar babura garin nan, ina roƙon ya taimaka mana da shi don mu ƙaru.

Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Kontagora da kewaye, Ya sa albarka a neman kowa. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.