Yankan “Princess”: Yadda Tsimin Dutse Ya Haifi Salon Ado

Lu'ulu'u yakan fito daga ƙasa da siffar dala biyu da aka haɗa gindinsu. Wannan siffa ita ce asalin yankan da ake kira “princess”, ita ce kuma dalilin da ya sa mai sayensa ta intanet yake buƙatar ƙarin hattara.

A shekarar 1919 Marcel Tolkowsky, ɗan gidan masu sassaƙa lu'ulu'u a birnin Antwerp na Beljiyam, ya wallafa lissafin kusurwoyin da ke sa dutse mai da'ira ya mayar da haske zuwa idon mai kallo. Lissafin ya zama ma'aunin da masu sana'ar suka bi. Sai dai da'ira tana cin dutse, domin fitar da ita daga ɗanyen lu'ulu'u yakan jawo asarar kusan rabin nauyinsa, ko ma fiye. Masu sana'ar suka shiga neman siffar da za ta ba da walƙiya irin ta da'ira ba tare da wannan asara ba.

Sunan “princess” ya fara bayyana a Landan a 1961, lokacin da Arpad Nagy ya raɗa wa wani yanka nasa mai faɗi, wanda ya bambanta da na yau. A 1971 Basil Watermeyer na Johannesburg ya fito da yankan Barion mai kusurwa huɗu. Wanda muka sani yanzu kuwa ana danganta shi ga Betzalel Ambar da Israel Itzkowitz, wajejen 1980. Idan aka tsaga ɗanyen dutsen gida biyu, kowane ɓari dala ne, kuma yankan “princess” dala ne da aka kifa. Don haka dutse guda yakan ba da biyu, da asara kaɗan. Abin da ya sa farashinsa ya gaza na mai da'ira ke nan, ko da nauyinsu ɗaya.

Wannan tsimi yana da nasa tarko. Ana sayar da lu'ulu'u da nauyi, karat ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin biyar na giram. Masassaƙin da ke son riba zai iya barin nauyi a cikin dutsen, inda zobe zai rufe shi. Mai saye ya biya kuɗin nauyin da ido ba ya gani, haske kuma ya riƙa zurarewa ta ƙasa maimakon ya dawo sama.

Cibiyar GIA ta Amurka, wadda aka kafa a 1931, ita ta yaɗa ma'aunai huɗu: nauyi, launi, tsabta da yanka. A 2006 ta fara ba da darajar yanka a takardunta, amma ga dutse mai da'ira. Takardarta ta “princess” tana faɗin ingancin gogewa da daidaiton fuskoki, ba ta yanke hukunci a kan yankan gaba ɗaya. Ɗakin gwajin AGS ya fara auna yadda “princess” ke mayar da haske a 2005, amma an rufe shi a ƙarshen 2022, aikinsa ya koma hannun GIA. Saboda haka idan shafin ciniki ya yi wa dutsen kirari da “yanka mafi inganci”, sau da yawa hukuncin mai kanti ne.

Kafin kantunan intanet irin Blue Nile, wanda ya soma a 1999, mai saye yakan juya dutsen a hannunsa. Yau sai ya nemi abin da zai maye gurbin wannan gani. Ya fara da girman fuska: “princess” mai karat ɗaya yakan kai kimanin milimita 5.5 a kowane gefe, wanda ya gaza haka sosai ya ɓoye nauyi a ciki. Tsawo kada ya zarce faɗi da fiye da kashi 5 cikin ɗari, in ana son murabba'i na gaskiya. Ya nemi bidiyon ainihin dutsen yana juyawa, tare da hoton ASET, inda ja ke nuna haske mai ƙarfi, kore mai rauni, shuɗi kuma inuwar da ke ba dutsen armashi. Ya duba kusurwoyin huɗu, don nan ne dutsen ya fi saurin ɓantarewa. Aibi a kusurwa ya fi haɗari, kuma zoben na buƙatar mariƙi mai rufe kowace kusurwa. Sannan ya gwada lambar takardar a shafin GIA, ya kuma tabbatar da sharaɗin mayar da kaya kafin ya biya.