Daga Kwana 18 Zuwa Shekara 10: Tarihin Jinya Bayan Dashen Huhu

A daren 11 ga Yuni, 1963, a asibitin Jami'ar Misisifi da ke birnin Jackson a Amurka, wani likitan fiɗa mai suna James Hardy ya cire huhun hagu na wani majinyaci, ya dasa masa na wani mutum da ciwon zuciya ya kashe a daren. Ba a taɓa yi wa ɗan Adam wannan aiki ba sai ranar. Majinyacin, John Russell, ɗan shekara 58 ne, fursuna mai zaman ɗaurin rai da rai, kuma cutar daji ta toshe masa huhun. Labarin bai samu shiga kanun jaridu yadda ya cancanta ba, domin a wannan dare ne aka harbe Medgar Evers, ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, aka kawo shi asibitin, a nan ya cika. Huhun da aka dasa wa Russell ya yi aiki. Shi kuwa ya rayu kwana 18, sannan ƙodarsa, wadda dama tana da rauni, ta gaza.

Ana yawan ba da tarihin dashen sassan jiki a matsayin tarihin likitocin fiɗa, wane ya fara, a wane gari, a wace shekara. A batun huhu wannan salo yana ɓoye abin da ya fi muhimmanci. Ɗinke jijiyoyi da bututun iska abu ne da aka iya tun da wuri. Masanin Tarayyar Sobiyet Vladimir Demikhov ya yi shi a jikin karnuka tun shekarun 1940. Abin da ya gagari duniya shekara ashirin bayan Hardy shi ne abin da ke biyo bayan an rufe ƙirji. A tsawon wannan lokaci an gwada aikin kusan sau 40 a ƙasashe daban-daban, kuma galibin majinyatan ba su kai wata guda ba. Wanda ya fi daɗewa shi ne wani matashi a birnin Ghent na Beljiyam, wanda ƙurar yashi ta lalata masa huhu a wurin aiki. Likita Fritz Derom ya yi masa dashe a 1968, ya rayu wata goma, mafi yawansu a kan gadon asibiti.

Mai karatu da ya saba jin labarin dashen ƙoda, wanda ake yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano fiye da shekara ashirin ke nan, yana iya tambayar abin da ya sa huhu ya zama daban. Ƙodar da aka dasa tana kwance a rufe cikin ciki, babu abin da ke isa gare ta sai ta hanyar jini. Huhu a buɗe yake ga duniya. Baligi yana shaƙar iska wajen lita dubu goma a kowace rana, da ƙurarta da hayaƙinta da ƙwayoyin cutar da ke cikinta. To, wanda aka yi wa dashe dole ne a danne garkuwar jikinsa don kada ta far wa baƙon huhun, ga shi kuwa ta wannan huhun ne cuta ke samun ƙofa. In an danne garkuwar da yawa ƙwayoyin cuta su yi kisa, in an sassauta jiki ya ƙi baƙon. Gaba kura, baya sayaki.

Akwai kuma wata matsala ta uku da ta kashe da yawa daga cikin majinyatan farko: wurin da aka haɗa bututun iskar mai bayarwa da na mai karɓa yakan ruɓe ya ɓalle a makonnin farko. Bututun yana samun jini ne daga wasu ƙananan jijiyoyi waɗanda ake yankewa a lokacin cire huhu, ba a kuma mayar da su. Joel Cooper da abokan aikinsa a Toronto ta Kanada sun koma ɗakin gwaji a ƙarshen shekarun 1970, suka gano cewa maganin firedinison, wanda ake ɗirka wa majinyata don danne garkuwa, shi kansa yana hana ɗinkin warkewa. Wato maganin da ke kare huhun shi ke kwance ɗinkin da ke riƙe da shi. Suka kuma ƙirƙiro dabarar jawo mayafin kitsen nan da ke lulluɓe da hanji, su naɗe mahaɗar da shi don ya kai mata jini. Daga baya an bar wannan dabara da aka samu hanyoyin ɗinki mafi sauƙi, amma a lokacinta ta fitar da kitse daga wuta.

Sauran maganin ya fito daga inda ba a zata ba. Wani ma'aikacin kamfanin magunguna na Sandoz da ke Suwizalan ya ɗebo ƙasa daga wani tsauni a Nowe a 1969, aka samu wata fumfuna a cikinta, daga gare ta aka tace maganin saikulosforin. Wannan magani yana danne ɓangaren garkuwar da ke ƙin baƙuwar gaɓa ba tare da ya hana rauni warkewa ba. Da shi ne Bruce Reitz na Jami'ar Stanford ya dasa wa Mary Gohlke zuciya da huhu gaba ɗaya a watan Maris na 1981, ta rayu shekara biyar. A ranar 7 ga Nuwamba, 1983, Cooper ya dasa wa Tom Hall huhu guda, shi ma yana ɗan shekara 58 kamar Russell. Hall ya bar asibiti da ƙafarsa, ya koma bakin aikinsa, ya rayu fiye da shekara shida. Abin da ya yi ajalinsa a ƙarshe gazawar ƙoda ce. Daga Hall ne za a iya cewa kalmar murmurewa ta shiga wannan fanni. Kafin shi babu wanda aka dasa wa huhu kaɗai da ya daɗe har a san yadda rayuwar bayan dashe take.

Mutanen da wannan sauyi ya fi shafa su ne waɗanda ba su taɓa sanin lafiyayyen numfashi ba tun haihuwa, masu cutar sistik faiburosis. Cuta ce ta gado, kuma yadda ake gadonta daidai yake da na sikila: uwa da uba kowanne yana ɗauke da ƙwayar ba tare da ya yi ciwo ba, a kowane ciki kuma akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai cutar. Ta fi yawa a tsakanin Turawa, ko da yake ana samunta a kowace al'umma. Likita Dorothy Andersen ce ta fara bayyana ta a matsayin cuta mai zaman kanta a birnin New York a 1938, kuma a wancan zamani da wuya yaron da ke da ita ya kai shekarun shiga makaranta. Lalurar tana cikin yadda gishiri da ruwa ke ratsa bangon ƙwayoyin jiki. Majina takan yi kauri ta daskare a hanyoyin iska, ƙwayoyin cuta su yi sheƙa a cikinta, kowane kamu ya bar tabo, har huhu ya zama kamar tsohon soso.

Yaron da ya tashi da wannan cuta ya tashi da jadawali. Safe da yamma ana bubbuga masa ƙirji da baya don majina ta saki, ya shaƙi magani ta na'ura, ya haɗiyi ƙwayoyin narka abinci kafin kowace loma, sannan lokaci zuwa lokaci a kwantar da shi mako biyu ana yi masa ƙarin maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya. An ma hana masu cutar kusantar juna, don kada su yi musayar ƙwayoyin da ke huhunsu. Da irin wannan kulawa ne aka ja rayuwarsu daga yarinta zuwa shekarun samartaka da bayansu, amma ƙarshen hanyar bai canja ba: tulun iskar oksijin, da gajiya daga gado zuwa bandaki.

Su ba a iya dasa musu huhu guda, domin tsohon da aka bari zai zuba wa sabon ruɓarsa. Da farko sai aka riƙa dasa musu zuciya da huhu tare, ko da yake zuciyarsu lafiyarta ƙalau. A asibitin Harefield na Ingila, Magdi Yacoub, likitan fiɗa haifaffen Masar, ya yi suna da wani tsari mai ban mamaki a ƙarshen shekarun 1980: a ba mai sistik faiburosis zuciya da huhun mamaci, tasa zuciyar kuma a dasa wa wani mai jira. Mutum yana raye, zuciyarsa tana bugawa a ƙirjin wani. Toronto ta yi nasarar dasa huhu biyu ba tare da zuciya ba a 1986, kuma zuwa farkon shekarun 1990 an daidaita a kan hanyar da ake bi har yau, a cire ɗaya a maye gurbinsa, sannan a koma kan ɗayan. A 1989, a wannan birni na Toronto, Lap-Chee Tsui da John Riordan, tare da Francis Collins na Jami'ar Michigan, suka gano ƙwayar gadon da ke haddasa cutar.

Jinyar da ke bin wannan aiki tana da abubuwan da ba kowa zai yi tsammani ba. Majinyaci yakan farka da bututu a maƙogwaro da wasu a haƙarƙari, da yanka da ya ratsa ƙirjinsa daga hammata zuwa hammata. Cikin 'yan kwanaki ake tayar da shi ya fara takawa, domin kwanciya abokiyar gabar sabon huhu ce. Jijiyoyin ji da ke haɗa huhu da ƙwaƙwalwa an yanke su, saboda haka majina tana iya taruwa a ƙasa ba tare da ya ji ƙaiƙayin tari ba. Mutumin da ya shekara ashirin ko talatin tari na hana shi barci, yanzu sai an koya masa yin tari da gangan, bisa agogo. Da yawa kuma sukan kasa rabuwa da bututun oksijin ko da na'ura ta nuna jininsu cike yake da iska, domin jiki ya saba da tsoron shaƙewa, kuma tsoro ba ya bin wuƙar fiɗa ya fita. Tsokokin da suka shanye a shekarun zama sai an yi watanni ana motsa su kafin ƙafafu su iya cin moriyar numfashin da aka samu.

Sabon huhun ba ya kamuwa da sistik faiburosis, tun da ƙwayoyin gadonsa na mai bayarwa ne. Sauran jiki kuwa yana nan da cutarsa. Kogunan hanci suna ci gaba da ɓoye tsofaffin ƙwayoyin cuta masu iya gangarowa ƙasa, narka abinci yana nan da matsalarsa, ciwon sukari da dama ke bin masu cutar yakan tsananta saboda magungunan danne garkuwa. Waɗannan magunguna, galibi takurolimus da maikofenolet da firedinison, ana shan su har ƙarshen rai, a kan lokaci, kuma suna cin ƙoda a hankali, suna raunana ƙashi, suna buɗe hanya ga cutar daji, musamman ta fata. Kowace safiya majinyaci zai hura wata 'yar na'ura ya rubuta lamba, in ta sauka ya kira asibiti. Likitocin wannan fanni da kansu sukan gaya wa masu jira cewa musayar cuta da cuta za a yi. A ganina, wannan ita ce magana mafi gaskiya da aka faɗa a kan aikin, kuma tana bayyana wani abu da ƙididdiga ta daɗe tana nunawa. Masu sistik faiburosis sun fi sauran rukunoni daɗewa bayan dashe, rabinsu suna kaiwa wajen shekara goma, alhali a jimlar manya adadin yana tsakanin shida da bakwai. Ƙuruciyarsu ce babban dalili, amma ba zan raina horon da cuta ta yi musu ba. Wanda ya tashi da jadawalin magani tun yana goye, sabon jadawali ba baƙonsa ba ne.

Duk da haka akwai katangar da har yau ba a tsallake ba. A 1984 likitocin Stanford suka lura cewa wasu daga cikin waɗanda aka yi wa dashe, bayan sun warke sarai, ƙananan hanyoyin iskarsu suna toshewa da tabo sannu a hankali. Wannan ƙin jiki ne mai tafiyar hawainiya, kuma yana kama kusan rabin majinyata kafin su cika shekara biyar. Ana iya rage masa gudu, ba a iya mayar da abin da ya ɓata. Shi ya sa huhu ke bayan zuciya da hanta da ƙoda a tsawon rayuwar da dashe ke bayarwa. Ci gaban da aka samu a shekarun baya-bayan nan ya fi karkata ga samun huhun dasawa, domin a cikin mamatan da aka amince a ɗauki sassansu, kusan ɗaya cikin biyar ne huhunsu ke da amfani. Stig Steen na Suwidin da Shaf Keshavjee na Toronto sun ɓullo da hanyar ajiye huhu a cikin na'ura a wajen jiki, ana hura shi ana zagaya masa ruwa na sa'o'i, a gwada ingancinsa kafin a dasa.

Babban sauyin da ya zo wa masu sistik faiburosis daga ƙarshe ya fito ne daga ƙwayar gadon nan ta 1989. Shekara talatin cif aka yi kafin ganowar ta zama magani mai amfanar mafi yawansu. A watan Oktoba na 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Trikafta na kamfanin Vertex, ƙwayoyin sha da ke gyara aikin sinadarin da ya lalace. Mutanen da ke cikin jerin masu jiran huhu suka fara murmurewa har aka cire sunayensu, kuma dashen da ake yi wa masu cutar a Amurka ya faɗo daga fiye da 200 a shekara zuwa ƙasa da 100. Maganin yana aiki ga kusan tara cikin goma na masu cutar a can. Sauran suna ɗauke da nau'o'in lahani da bai kama ba, kuma irin waɗannan nau'o'i sun fi yawa a tsakanin 'yan asalin Afirka da Asiya. Kuɗinsa a Amurka ya haura dala dubu ɗari uku a shekara. Waɗanda kuwa aka riga aka yi wa dashe a 2017 ko 2018, sun rabu da huhunsu na haihuwa shekara ɗaya ko biyu kafin zuwan maganin da wataƙila da ya cece shi, kuma ba shi da abin da zai yi wa sabon huhun da suke ɗauke da shi.