Alhaji Falke Barmu, manomin da ya gina masallacin Yama

Yau tarihinmu zai leƙa maƙwabtanmu na Adar. In mutum ya bi hanyar Ƙonni ya miƙa wajen Tawa, a yankin Badagishiri cikin gundumar Illela akwai wani gari da ake kira Yama. A nan wani magini, Alhaji Falke Barmu, ya yi aikin da ya kai sunan Nijar har ƙasashen waje, kuma da laka ya yi shi, irin wadda muke takawa kullum.

Falke Barmu manomi ne kamar sauran mutanen garinsu. Da damina yana gona, da rani yana gini. A 1962 dattawan Yama suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, don su huta da zuwa wani gari yin salla, suka ɗora masa aikin. Gayya aka yi. Wasu suka buga tubali, wasu suka ɗebo ruwa, wasu suka kawo itace, mai hali ya ba da abin da ya sawwaƙa. Ginin farko bai da wani ado: ɗakin salla ne mai kusurwa huɗu, ginshiƙai a jere, da mihrabi ta gabas.

Amma shi ginin ƙasa, kun sani, ba a gama shi rana ɗaya a juya masa baya. Kowace damina tana cin rabonta, sai an sake yaɓe. A 1975, da rufin ya buƙaci gyara, gwanin bai tsaya ga toshe yoyo ba. Ya sake rufin da bakan gizo, ya ɗora tulluwa a tsakiya. Daga baya ya tayar da hasumiya huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, aikin da aka kammala a 1982. To, a nan ne hannunsa ya fito sosai, don babu hasumiyar da ta yi kama da 'yar'uwarta. Kowace da tsayinta da siffarta da adon da aka yi mata, gindi da kauri, tana sirancewa in ta yi sama. Shekara 20 ke nan mutum ɗaya da gari ɗaya suna kan gini ɗaya, suna ƙara masa kyau gwargwadon ƙarfinsu.

A 1986 masallacin Yama ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine, wadda aka miƙa a birnin Marrakesh na Maroko. Kyauta ce da manyan masu zanen gini na duniyar Musulmi ke nema, ga shi ta faɗo hannun magini ɗan ƙauye. Wannan ya tuna mana da Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Ashe wannan gwaninta daɗaɗɗiya ce a ƙasar Hausa.

Labarin bai tsaya a Yama ba. A garin Dandaji, shi ma cikin jihar Tawa, akwai tsohon masallacin ƙasa mai fasalin Falke Barmu. Da ya tsufa, mutanen gari suka so sabo wanda ya fi shi girma. Masu zanen gini biyu, Mariam Issoufou Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka kawo shawarar a bar tsohon a tsaye. Aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gina sabon masallaci kusa da shi da tubalin ƙasa da aka matse da inji. An gama a 2018, ana kiran wurin Hikma. Yanzu yara na karatu a ƙarƙashin bakan gizon da ya kusa zama tarihi.

Mu dawo gida. A garuruwanmu na Arewa akwai tsofaffin masallatai da zauruka da rumbuna da maginanmu suka yi da hannunsu. Da kuɗi sun shigo, sai a rushe a sa siminti da kwano, alhali kowa ya san yadda ɗakin kwano yake a watan Afrilu, ya kuma san sanyin soron ƙasa. Ba mu ce kada a yi sabon gini ba. Abin da ke damunmu shi ne in gini ya faɗi, sunan wanda ya yi shi ma yakan bi shi, kuma samari ba su cika son koyon sana'ar ba.

Saboda haka kafin a ɗaga diga a kan wani tsohon bango, mu ɗauki hotonsa, mu tambayi tsofaffi wa ya gina shi, a wace shekara, wa ya koya masa. In maginin yana raye, mu je mu gaishe shi, mu tura yaro ya riƙe masa kwarya. Allah ya saka wa Alhaji Falke Barmu da alheri, ya sa albarka a hannun maginanmu. Amin.