Farautar Manyan Namun Daji a Ƙetare: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin Tafiya

Mafaraucin da ke Iware, kusa da Jalingo, ba shi da damar harbin ɓauna ko gwanki a Gashaka-Gumti. Doka ta haramta farauta a wannan gandun daji, mafi girma a Nijeriya, wanda aka kafa a 1991.

Wuri mafi kusa da aka halatta irin wannan farauta shi ne arewacin Kamaru, inda gwamnati ke bai wa kamfanoni hayar yankunan da ke kewaye da gandayen Faro, Benuwe da Bouba Ndjida. Da rani ake yin ta, kuma ta Garwa ake shiga. Namibiya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu ma sun amince da ita, Kenya kuwa ta hana tun 1977.

Halaccin tafiyar ya rataya ne a kan kamfanin da aka zaɓa. Kafin biyan kafin alƙalami, wajibi ne a ga lasisinsa, da takardar hayar yankin, da adadin dabbobin da hukuma ta ware masa a shekarar. Rubutacciyar yarjejeniya ta bambance kuɗin kowace rana da na kowace dabba, domin akan biya har wadda aka raunata ta tsere.

Shiga da bindiga na buƙatar izinin ƙasar da za a je. Dawowa da fata ko ƙahon dabbar da yarjejeniyar CITES ta 1973 ta kare kuwa sai da takarda, in ba haka ba kwastan su ƙwace kayan, mai su ya fuskanci shari'a.