Labarin Maharba da Barewa a Ƙasar Kazaure

Da ya ke a cikin wannan ɗan littafi ana ta tuna mutanen da suka yi wa En'e aiki, tun daga hakimai da alƙalai da ma'aji har ya zuwa malaman haraji da dogarai, na ga ya kamata a ɗan rage fili a ambaci wani mutum wanda sunansa bai taɓa shiga littafin albashi ba, amma ya riga mu duka zama a ƙasar nan. Wannan kuwa shi ne maharbi, mai baka da kwari. Malaman daji na dā sun san shi sarai, domin aikinsu ya sha haɗa su da shi, wata rana da gaisuwa, wata rana da sammaci.

Masu ba da labarin asalin Kazaure sun ce wani maharbi ne ya fara zama a nan, sunansa Kutumbi, daga mutanen Dutsen Dala. (Kada a rikita shi da Sarkin Kano Kutumbi, wanda ya yi sarauta daga 1623 zuwa 1648.) Wai ya fito harbi, ya tarad da wani kwari mai ruwa, duwatsu sun kewaye shi, ya yi zamansa. Da ya daɗe bai koma ba, sai mutanensa suka bi sawu har suka same shi, wani daga cikinsu ya dubi wurin ya ce, ai nan kamar zaure. An ce daga nan sunan garin ya samo asali. Ko mutum ya yarda da labarin duka ko ya rage wani abu, ya lura ba mu kaɗai ke da irinsa ba. Tarihin Kano ya ce Barbushe na Dala maharbi ne mai kashe giwa, Dutsawa kuma sun ce wani maharbi ne ya sa wa garinsu suna Gadawur saboda yawan gada. Dalili a fili ya ke. Wanda ya bi namun daji rani da damina, shi ya san inda ruwa ba ya ƙafewa, wurin nan kuwa shi ne wurin kafa gari.

Samari za su yi mamaki in an ce musu tsakanin Roni da Gwiwa, ko a jigayin Babura, an yi dajin da mutum zai yini a ciki bai ga gona ba. Yaƙi ne ya tsare wannan daji. Tun rikicin Ɗan Tunku da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya tashi a 1819, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya raba su ya bar Kazaure da sarautar kanta, da kuma hare-haren Damagaram da suka biyo baya, talaka ba ya son nisa da ganuwa. Gonaki suna jikin gari. Abin da ya rage tsakanin gari da gari, balle kan iyaka da Katsina da Daura, sai aka bar wa ƙaya da namun daji, da barewa, da gada, da zomo, da gwanki a inda dajin ya yi zurfi.

Barewa ita ce abin neman maharbi. Ja ce, cikinta fari, da baƙin zane a haƙarƙari, namiji da tamata duk suna da ƙaho. Kada a ɗauka ita ce dabbar nan ta Ingila da Amurka mai ƙaho reshe-reshe, wadda ke zubad da shi kowace shekara, ko da ya ke masu fassara su kan ba ta sunan barewa. Babu irin waccan a dajinmu. Tamu fili ta ke so, inda za ta hangi abu tun daga nesa, kuma in ta zabura ba mai ƙafa biyu da zai ga ƙurarta. Ɗa guda ta ke haifa, bayan ciki na wajen wata shida. A riƙe wannan, za mu komo kansa.

To, da me maharbi ke tarar wannan dabba? Kayansa duka ba su fi abin da zai rataya a kafaɗa ɗaya ba, kuma ba ko ɗaya da ya zo daga kanti. Baka itace ne da ya sara da hannunsa, tsarkiya fata ce murɗaɗɗiya. Kibiya kyauro ce, ba a sa mata gashin tsuntsu kamar ta Turawa, maƙerin gari ya ƙera mata baki mai kunne don kada ta fita in ta shiga. Sai kwari, da wuƙa, da ɗan gatari, da warki, da burgami, da layu iyakar abin da ya gada. Irin wannan kibiya ba ta da nauyi, ba ta kuma tafiya sak in nisa ya yi yawa, saboda haka ƙarfinta ba a ƙarfen ya ke ba, a dafi ya ke. Tushen dafi kuwa 'ya'yan kwankwani ne, a kan haɗa da ruwan tinya da waɗansu abubuwa da kowane gida ke ɓoye nasa, a dafa a bayan gari, a shafa a wuyan kibiya. Likitoci sun bincika kwankwani, sun tarar yana da wani sinadari wanda in ya shiga jini ya kan tsai da zuciya. Ashe tsofaffin nan sun san aikin abin tun ba a san sunansa a asibiti ba. Wurin da kibiya ta shiga a kan yanke shi a yar, sauran nama a ci.

Amma dafi ba ya amfani sai kibiya ta isa, kibiya kuwa ba ta isa sai mutum ya matso kamar taki ashirin ko talatin. A nan gwaninta ta ke. Maharbi ya kan fita tun da asuba, ya dubi sawu ya san na jiya ne ko na ɗazu, ya dubi kashi, ya dubi inda aka ciri tsamiya ko aka ci 'ya'yan gawo. Ya ɗebi ƙura ya saki don ya ga inda iska ta nufa, domin in ta kwashi warinsa ta kai wa barewa, aikin yini ya tashi. Wani ya kan yi bago a bisa itace kusa da mashaya, ya zauna cinnaku na cizo bai motsa ba. Wani kuwa sanɗa ya ke yi, kuma a cikin dabarun sanɗa babu wadda ta kai kan burtu ban sha'awa.

Burtu babban tsuntsu ne baƙi, mai yawo a ƙasa yana tsintar fara da ƙadangaru, namun daji sun saba da shi ba su gudunsa. Sai maharbi ya sami kan burtu da bakinsa, ya dasa a kan lanƙwasasshen itace, ya naɗe da fata, wani har ya yi masa ado da idon zakara. Ya ɗaura a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya durƙusa a ciyawa yana rarrafe, yana kai kai ƙasa yana ɗagowa kamar mai kiwo. In barewa ta ɗaga kai ta zuba masa ido, ba ya tsayawa cak, gama burtun gaske ba ya yin haka. Sai ya ɗan karkata wani gefe kamar bai kula da ita ba, har ta mai da kai ga ciyawa. Haka zai yi ta yi, a kan ƙarangiya, rana na dukansa, watakila sa'a guda ko biyu, kafin ya sami halin ɗana kibiya. In ya kuskure, shi ke nan, babu ta biyu.

In kuwa ya samu, da sauran aiki. Littafin Risala ya bayyana cewa farauta halal ce in ba don wasa aka yi ta ba, da sharaɗin a ambaci sunan Allah wajen sakin kibiya, kuma abin da aka riska da rai sai an yanka. Malaman Malikiyya sun ƙara da cewa abin da aka harba da makami mai dafi, in ba a san ko kaifi ne ya kashe shi ko dafin ba, ba a cinsa. Don haka maharbi Musulmi ba ya zama ya jira dafi ya gama aikinsa. Ya kan bi jini da sauri, wuƙa a hannu, don ya riski dabbar da sauran numfashi. Ya dawo gari a buga masa komo, ya yi kirari, ya kai wa mai gari cinya bisa al'ada, ya rarraba wa maƙwabta, ya sayar da saura.

Yanzu sai ku yi lissafi, ku da kuka saba da alƙaluma. Mutumin da zai yi wannan wahala duka don dabba guda, sau da yawa ma ya koma hannu wofi, ba shi iya ƙarad da daji. Abin da ya ɗauka a shekara, haihuwa ta kan mayar. Ba ina cewa maharba waliyyai ba ne, ko sun yi haka don tausayi. Kayansu ne suka yi musu iyaka. Ba kuma duk farautar dā ce ke da wannan iyaka ba. Farautar gayya ta rani, wadda a kan buga gangi samarin ƙauyuka su fito da karnuka da ƙere da gora, a sa wa daji wuta a kewaye shi, ba ta barin mai ciki ba ta barin ɗan da ke shan nono, kuma sau da yawa da faɗa ta ke ƙarewa. Tarko shi ma ba ya zaɓe. Maharbin baka bai ɗauki masu waɗannan a bakin kome ba.

Abin da ya kawo ƙarshen wannan zamani ya zo ne bi da bi. Wajen 1890 zuwa 1891 annobar shanu da Filani ke kira sannu ta ratsa ƙasashen nan, ta kashe shanu, ta taɓa namun daji masu kofato. A 1903 Turawa suka ci Kano, yaƙi ya ƙare, mutane suka fita bayan ganuwa suna saran daji. A 1912 jirgin ƙasa ya soma ɗaukar kaya daga Kano, gyaɗa ta yi kuɗi, jigawar da dā ba mai so ta zama gona. Kana bindigar toka ta yawaita a ƙauye, bayanta mai harsashi, bayanta kuma fitilar goshi. Wannan fitila ita ta fi kome ɓarna. Barewa in haske ya bugi idonta da dare sai ta tsaya, yaron da bai san sawu ba, bai san iska ba, ya harbe ta a tsaye. Dabbar da ke haihuwar ɗa guda ba ta iya biyan wannan bashi.

Hukuma ba ta yi shiru ba. A 1916 aka kafa dokar tsaron namun daji a Nijeriya. A 1933 ƙasashen da ke mulki a Afirka suka yi yarjejeniya a Landan, suka hana bin dabba da mota ko jirgin sama, suka kuma ce a hana, iyakar iko, fitila mai kashe ido, da guba, da makami mai dafi, da rami, da tarko. A 1963 Jihar Arewa ta yi tata dokar. An keɓe gandayen daji, an sa malaman daji tsaro, hakimai da dagatai su ke isad da umurni. Nufin doka mai kyau ne. Amma a ganina an yi kuskure guda, da aka jera kibiyar maharbi a layi ɗaya da fitila da mota. Mutumin da ya fi kowa sanin yawan barewar da ta rage da inda ta ke haihuwa, aka mai da shi mai laifi, alhali shi ya kamata a fara tambaya. Ga shi kuma shi ne mai sauƙin kamu, gama kowa ya san gidansa, mai fitila kuwa cikin dare ya ke zuwa ya tafi.

Farin 1972 zuwa 1974 ya ƙarasa abin da ya rage a wurare da yawa. A 1976 aka rushe En'e aka kafa ƙananan hukumomi, a 1991 kuma aka yanki Jihar Jigawa daga Kano, Roni da Gwiwa suna cikin masarautar Kazaure, Babura tana cikin ta Ringim. Ƙungiyar duniya mai kula da halittu, IUCN, ta sa barewarmu cikin jerin dabbobin da ke fuskantar haɗarin ƙarewa. Sarautar Sarkin Baka tana nan a garuruwa, maharba su kan fito ran bikin Salla da layu da kwari, amma yawancinsu yanzu gadin gari su ke yi, da bindiga.

Ina roƙon hakimai da magatakardansu abu guda, wanda ba ya bukatar ko kwabo daga baitulmali. Kowace gunduma ba ta rasa tsoho ɗaya ko biyu wanda ya taɓa ɗaura kan burtu, ko ya riƙe wa ubansa kwari. A aika malami da takarda ya zauna da su, ya rubuta sunayen dazuzzuka da mashaya, da irin naman da a ke samu a kowanne, da shekarar da aka yi masa ganin ƙarshe. In an tarad da kan burtu a rataye a zaure, a tambayi mai shi, a sa masa lamba a ajiye a ofishin hakimi, a nesa da gara.