Saƙon Matafiyi Da Matar Da Ke Jira

Yau ina so mu ɗan waiwayi tarihin ɗan katin nan mai hoton Ka'aba ko Masallacin Madina, wanda matafiyi kan aiko gida ta gidan waya, irin wanda ake tsinta a ƙasan adakar iyayenmu.

Kafin zuwan mota da jirgin sama, mai niyyar aikin Hajji daga Kano ko Katsina sallama yake yi da iyalinsa kamar wanda ba zai dawo ba. A ƙasa ake tafiya, ko bisa jaki da raƙumi, a ratsa Barno, a shiga Wadai, a faɗa Darfur, a ƙetare Sudan har gaɓar Bahar Maliya, sannan a hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Guzuri kan ƙare a hanya, sai mutum ya tsaya ya yi ƙodago ya tara, kana ya ƙara gaba. Wani ya share shekara biyar, wani goma, wasu kuwa can suka yi zamansu, shi ya sa har yau ga Hausawa nan birjik a Sudan.

To matar da aka bari a gida fa? Ba ta da wani labari sai abin da fatake suka kawo da baki, ko 'yar takardar ajami da ta sha hannu. Wannan ya ce ya gan shi lafiya lau, wancan ya ce ya ji an ce ya rasu. Ita kuwa ga ta nan, ba ga miji ba, ba ga zawarci ba. A mazhabarmu ta Malikiyya, idan miji ya ɓace, matar ta kai maganar gaban alƙali, aka bincika ba a same shi ba, kuma akwai abin ciyar da ita cikin dukiyarsa, to shekara 4 ake ɗibar mata ta jira, sannan ta yi takaba wata 4 da kwana 10. Ku duba fa jama'a, ƙuruciyar mace guda saboda rashin layi biyu na rubutu!

Sauƙin wannan jira ta gidan waya ya zo. A Ingila aka fara buga kan sarki a 1840, da kan Sarauniya Biktoriya a jiki. A 1869 ƙasar Ostiriya ta fito da katin da ake aikawa tsirara ba ambulan, mai arha. A 1874 ƙasashe suka taru a birnin Bern suka amince saƙon wata ƙasa ya riƙa shiga wata ba tare da an sake saya masa kan sarki ba. Mu nan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, jirgin sama ya fara sauka a 1925. Sannu a hankali saƙon da kan yi shekara a hanya ya koma 'yan makonni.

Amma fa katin yana da nasa ciwon. Tunda a buɗe yake, masinja ya karanta, mai akwatin gidan wayan da aka ara ya karanta, matar gida ce ta ƙarshe, ita ma sai an kira mata ɗan makaranta ya karanta mata a tsakar gida, kishiya da uwar miji na saurare. Don haka maigida ba ya wuce gaisuwa da "a gai da mutanen gida". Duk kewar da ke ransa cikin kalmomin nan take. Wadda ta yi karatu, ko da na Yaƙi Da Jahilci ne, ita kaɗai ke shiga ɗaki ta karanta abinta son ranta. Daga baya aka koma aiko kaset, sannan wayar hannu ta iso mana a 2001.

Shawarata ita ce, duk wadda ta tarar da irin katin nan a kayan iyayenta ta adana shi, ta nuna wa 'ya'yanta, domin kwanan wata da hatimin da ke jikinsa tarihin gidanku ne. Mu kuma dage 'ya'yanmu mata su iya karatu da rubutu. Ku kuma maza masu fita neman halali, yau ba ku da uzurin barin mace wata guda ba ta ji ɗuriyarku ba, haƙƙinta ne a wuyanku.

Allah Ya kai matafiyanmu lafiya, Ya dawo mana da su lafiya, amin.